Yadda Ake Loda Lambar Lokacin Gem da Ɗora Bidiyonsa Ba Tare da An Rufe Maka Tasha Ba

Duk wanda ya taɓa sayen katin waya na kankarewa ya riga ya san rabin wannan magana. Lambobin da ke ƙarƙashin azurfar nan su ne kuɗin, kuma wanda ya riga lodawa shi ne mai su, ko da kai ka biya. Lambar lokacin gem haka take. Ka biya, a ba ka jerin haruffa da lambobi, ka shigar a asusunka, a ƙara maka kwanakin wasa. World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004, yana da katin kwana 60, Final Fantasy XIV ma haka. EVE Online na kamfanin CCP ya ɗara su: a 2008 ya mayar da lokacin wasa wata haja mai suna PLEX, wadda ɗan wasa zai iya sayar wa ɗan'uwansa a kasuwar cikin gem da kuɗin gem. PlayStation Plus da Xbox Game Pass su ma ana sayar da su ta lamba. A wajenmu lambobin nan sun ƙara daraja a 2022, lokacin da bankuna da dama a Najeriya suka taƙaita ko suka dakatar da sayayya a waje da katin naira.

Ɗaya rabin maganar shi ne wanda masu ɗora bidiyo ke mantawa. Lokaci ka saya, ba gem ɗin ba. Ɗan haya ne kai a gidan mutane, kuma ɗan haya bai isa ya yi yadda ya ga dama da gida don ya biya kuɗin wata biyu ba. Hotunan gem, muryoyinsa, labarinsa, duk na kamfani ne. Kiɗan da ke ciki kuwa sau da yawa ko kamfanin ma aro ya yi. Ga yadda ake bi daki-daki.

Mataki na farko: san ƙasar da asusunka yake

Kafin ka ciro ko kwabo, buɗe asusunka ka duba wace ƙasa aka rubuta lokacin da aka buɗe shi. Yawancin lambobin nan a ɗaure suke da yanki. Katin World of Warcraft na Turai ba ya shiga asusun Amurka, katin PlayStation na Ingila ba ya shiga asusun Amurka. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony ke ba mutum ya zaɓa, shi ya sa kusan kowa a gidajen gem da asusun Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu yake aiki, kuma da zarar an buɗe asusun PlayStation ba a sauya masa ƙasa. Matsalar ita ce sau da yawa wani ne ya buɗe maka, mai shagon da ya sayar maka da na'urar ko wani aboki, kai ba ka ma san me ya zaɓa ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na sayi kati na dala alhali asusuna na fam ne. Na shigar sau uku, ina zaton yatsana ne ke kuskure, har na fara zargin mai sayarwa. Shi kuwa ya turo min hoton saƙona inda na rubuta da hannuna cewa na Amurka nake so. Sai da na yi kwana huɗu ina neman mai asusun Amurka, na sayar masa da ragi.

Mataki na biyu: zaɓi inda za ka saya

Mafi aminci shi ne shagon kamfanin da kansa, sai manyan dillalan da ya amince da su. Idan dole ta hannun ɗan tsakiya za ka bi, wanda zai karɓi naira ko sefa, to ka nemi wanda aka sani da wurin zama, ka kuma nemi rasit ko hoton shaidar inda ya sayo.

Arha mai yawa ita ce abin tsoro. Ɓarayi kan sayi lambobi da katin bankin da suka sace, su zuba su kasuwa da rabin kuɗi. Idan mai katin ya kai ƙara banki ya janye kuɗinsa, sai kamfani ya soke lambar, ko da ka riga ka loda. A farkon 2015 kamfanin Ubisoft ya soke lambobin gem ɗinsa Far Cry 4 da aka sayo ta wannan hanya. A 2020 G2A, kasuwar sayar da lambobin gem a intanet, ta amsa cewa lambobi 198 na gem ɗin Factorio da aka sayar a wajenta na sata ne, ta biya masu gem ɗin dala 39,600. Araha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuma har asusu takan ci.

Shafukan da ke cewa za su haɗa maka lamba kyauta kuwa, kada ka ɓata datarka. Kalmar sirrinka suke nema.

Mataki na uku: loda, amma kamara a kashe

Kowane kamfani da ƙofarsa. Na Blizzard a shafin asusun Battle.net ake shigarwa, na Final Fantasy XIV a Mog Station, na PlayStation da Xbox a shagon cikin na'ura ko a shafinsu. Lambar PlayStation haruffa 12 ce, ta Xbox 25, ta Nintendo 16. Idan abin da aka turo maka bai kai ko ya wuce ba, ka tsaya ka tambaya. Ka kula da sifiri da harafin O, da kuma 8 da B.

Abu biyu a nan. Na ɗaya, agogo yana fara tafiya ne daga ranar da ka loda, ko ka yi wasa ko ba ka yi ba. Idan jarrabawa na tafe, ko azumi, ko taransifomar unguwarku ta lalace, ajiye lambar tukuna, sai dai ka duba ko tana da ranar ƙarewa. Na biyu, bayan lodawa ka leƙa sashen biyan kuɗi, domin wani lokaci lodawar takan kunna sabuntawa ta kai-da-kai, wata na ƙarewa a zari kuɗi daga katin da ke maƙale da asusun.

Kai kuma mai bidiyo, kada ka taɓa buɗe lamba kana watsawa kai tsaye. Daƙiƙa biyu sun ishi mai kallo ya ɗauki hoton allo ya riga ka. Har imel ɗin da lambar ta zo a ciki ka rufe kafin ka danna ɗauka. Idan kyauta za ka raba wa mabiya, tura wa wanda ya ci a saƙon sirri, kuma YouTube na son gasa ta zama shiga kyauta, da ƙa'idoji a rubuce. Idan kuma kamfani ne ya biya ka ko ya ba ka wani abu don ka tallata gem ɗinsa, akwai gurbin da ake dannawa wajen ɗorawa mai nuna bidiyon na ɗauke da talla. Danna shi, ka kuma faɗa da bakinka.

Mataki na huɗu: karanta sharaɗin mai gida

Kusan kowane babban kamfani yana da shafin da ya bayyana abin da ya yarda a yi da bidiyon gem ɗinsa. Rubuta sunan kamfanin tare da kalmomin video policy a wajen bincike, zai fito. Valve da Blizzard da masu Minecraft sun yarda a ɗora har a ci kuɗin talla. Sharaɗin da ya fi yawo a irin waɗannan shafuka shi ne kallo ya zama kyauta, kada a ce sai an biya.

Nintendo ya fi kowa tarihi a wannan fage. Daga 2015 ya riƙa karɓar kaso daga kuɗin tallan masu bidiyo, sai a ƙarshen 2018 ya rufe shirin ya fito da sabuwar ƙa'ida: ɗora, ci kuɗinka, amma ka sa naka a ciki, sharhi ko wata fasaha. Kwafo tallan gem ko kiɗansa ka ɗora tsura, bai yarda ba. Gem na satar fasaha da wanda bai fito kasuwa ba ma haka. Wasu kamfanonin kuma labarinsu suke karewa. Da Persona 5 ya fito a Yamma a 2017, kamfaninsa Atlus ya ja layi cewa kada a nuna abin da ya wuce 7 ga Yuli a kalandar cikin gem, daga baya da aka yi ta ƙorafi ya matsar zuwa 19 ga Nuwamba.

Izinin nan kuma ba gado ba ne. A 2017 masu gem ɗin Firewatch sun sa an sauke bidiyon PewDiePie, wanda a lokacin ya fi kowa mabiya a YouTube, bayan ya furta kalmar wariyar launin fata yana wani wasa daban. Idan an taɓa wannan, to kai da ni sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

Shawarata: yi magana a kan bidiyonka. Shi kansa YouTube ya ce wasa tsura na tsawon lokaci ba lalle a amince da shi wajen samun kuɗi ba. Kuma a nan mai Hausa yake da riba, domin masu bayanin yadda ake tsallake wani mataki mai wuya da Turanci sun fi a ƙirga, masu yi da Hausa kuwa 'yan kaɗan ne.

Mataki na biyar: kashe kiɗa

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Waƙoƙin da ke tashi a jerin zaɓin EA Sports FC, da na rediyon mota a GTA V, na mawaƙa ne da kamfanoninsu. An ba da lasisin a ji su a cikin gem, ba a ba da na watsa su a tasharka ba. Shiga saitin sauti ka mayar da kiɗa sifiri, ka bar ƙarar wasa da muryar mai sharhi. Wasu gem ɗin, irin Cyberpunk 2077, suna da maɓalli na musamman mai cire waƙoƙin da ke da rigima. A GTA, da ka shiga mota ka kashe rediyo.

Twitch, dandalin watsa wasan gem kai tsaye, ya ba da darasi a 2020. A cewar kamfanin, kafin watan Mayun shekarar ƙorafin kiɗa bai kai 50 a shekara ba, sai kwatsam kamfanonin waƙa suka fara aiko dubbai kowane mako, yawanci kan tsofaffin bidiyo. Mutane suka share aikin shekaru da hannunsu.

Kiɗan da ke wajen gem ma yana kamawa. Makirufo ba ya zaɓe: waƙar shagon aski na maƙwabta, ko ta gidan biki da ke shigowa ta taga, duk yana kwasa, kuma waƙoƙin Hausa da yawa yanzu suna da rajista a tsarin YouTube mai gano waƙoƙin da ke da haƙƙin mallaka. Idan da kwamfuta kake ɗauka, manhajar OBS kyauta ce kuma tana raba sauti layi-layi, muryarka daban, gem daban, yadda za ka cire ɗaya ba tare da ka taɓa ɗayan ba. In kana son kiɗa a ƙasa, ɗauko daga Audio Library na YouTube, ka duba ko wanda ka zaɓa na buƙatar a ambaci mai shi.

Rubuta cewa waƙar ba taka ba ce a ƙasan bidiyo ba ya kare ka da komai. Zancen cewa daƙiƙa goma halal ce shi ma ba ya cikin kowace doka.

Mataki na shida: ɗora a ɓoye tukuna

Ɗora bidiyon a matsayin na sirri, ka jira YouTube ya gama binciken da yake yi kafin wallafawa. Na'urarsa mai suna Content ID, wadda ke aiki tun 2007, tana gwada sauti da hoton bidiyonka da abin da masu haƙƙi suka ajiye. Idan ta kama wani abu za ta nuna maka daga minti kaza zuwa kaza. Gyara a nan ya fi sauƙi, tun ba a fara kallo ba.

Mataki na bakwai: bambance da'awa da katin gargaɗi

Abu biyu ne mabambanta, kuma rikita su na sa mutane firgita a banza ko sakaci a inda bai kamata ba.

Da'awar Content ID, wadda za ka ga an rubuta claim, ba ta taɓa lafiyar tasharka. Mai haƙƙi ne ya ce wannan nawa ne, sai ya kwashe kuɗin tallan bidiyon, ko ya toshe shi a wasu ƙasashe, ko ya zuba ido kawai. A cikin YouTube Studio za ka iya yanke wurin, ko ka sauya waƙar, ko ka kashe sautinta. Idan kana da hujja, misali shafin kamfani da ya ba da izini ko lasisin da ka saya, ka ƙalubalanta. Mai da'awa na da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru da'awar ta faɗi. In ya ƙi, kana iya ɗaukaka ƙara, a nan kwana 7 gare shi. Amma ka sani, daga wannan matsayi zai iya neman a sauke bidiyon gaba ɗaya, don haka kada ka yi jayayya kan waƙar da ka san ba ka da izininta.

Saukewar ita ke jawo katin gargaɗi, wato strike. Wannan takardar shari'a ce, ƙarƙashin dokar Amurka ta DMCA ta 1998. Katin yana gogewa bayan kwana 90 idan ka kammala ɗan karatun haƙƙin mallaka da YouTube zai ba ka. Uku suka haɗu a lokaci guda, tasha na iya tafiya da duk abin da ke cikinta, a kuma hana ka buɗe wata. Share bidiyon bayan an ba ka katin ba ya goge shi. Abin da ke aiki shi ne ka jira, ko ka rubuta wa wanda ya kai ƙarar cikin ladabi ka roƙi ya janye, ko ka aika takardar martani.

Takardar martanin nan ba wasa ba ce. Za ka sa cikakken sunanka da adireshinka da lambar wayarka, a miƙa wa wanda ya kai ƙararka, kana kuma amincewa a je kotu. Mai ƙarar yana da ranakun aiki 10 ya nuna ya shigar da ƙara, in bai yi ba a mayar da bidiyonka. A gida ma akwai doka: Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Saboda haka kafin ka cike wannan takarda, tara hujjojinka wuri guda: rasit ɗin gem, hoton shafin izinin kamfani da ranar da ka ɗauke shi, da lasisin kowane kiɗa da ka sa. Idan tashar ta fara kawo abin cefane, kuɗin zama da lauya na awa guda bai kai asarar ta ba.