Yadda za ka samo gwanin mai aikin gini a Kano yanzu da suka yi wuya, kuma ya tsaya maka har a gama

Duk wanda ya sa bulo ko guda ɗaya a garin nan cikin shekaru biyu-ukun nan ya san abin da zan faɗa. A da kai mai kuɗin kai ne ake bi, kana sauke tifar yashi a ƙofar fili birkiloli za su fara zuwa suna Alhaji barka da aiki, a ba mu mana. Yanzu kai ne za ka yi ta kiran mutum a waya yana ce maka gani nan a hanya, alhali yana can kan dekin wani a Rijiyar Zaki. Ni dai ba injiniya ba ne, tsayawa nake yi a kan ginin 'yan'uwa da abokai da ba sa gari, to a nan na koyi abin da zan rubuta, wani da daɗi wani da asara.

Abu na farko da ya kamata ka gane, ba mutane ne suka ƙare ba. Lebura kam ko yanzu ka fita bakin titi da sassafe za ka cika mota. Gwani ne babu, wanda zai ɗaura rodi daidai, ya sa tayil ba ƙwanƙwasa, ya yi wayarin ɗin da ba zai tashi gobara ba. Yaran da ya kamata a ce sun gaji iyayen gidansu da yawa sun kama Adaidaita Sahu saboda kuɗin yau a yau, wasu sun tafi Abuja inda ake biya da tsoka, wasu wajen haƙar zinare, wasu ma sun haura Libiya da Aljeriya. 'Yan Togo da Kwatano da suka riƙe mana aikin tayil da silin POP kuwa, tun da naira ta zube a gaban sefa daga 2023 lissafin ya daina fitar musu, da dama sun tattara sun koma. Ga cire tallafin mai na 29 ga Mayu 2023, wanda ya sa mutumin da ke Dorayi sai ya yi tunani sau biyu kafin ya karɓi aiki a Mariri. Saboda haka gwanin da ya rage shi ne yake zaɓar maigida, ba kai kake zaɓarsa ba, kuma in ba ka sa wannan a ranka ba sauran bayanin ba zai amfane ka ba.

To ka fara da zama ka rubuta wa kake nema da kuma yaushe. Kar ka ce kawai ina neman mai gini. Birkila daban, mai ɗaurin rodi daban, kafintan dekin ba lallai ne ya iya rufin kwano mai kyau ba, falamba da mai wayarin kuma dole su shigo su binne bututunsu kafin filasta, in ba haka ba sai an dawo ana fasa bangon da ka biya kuɗi aka shafe. Ka jera su bi da bi, ka fara neman kowanne tun saura sati uku ko wata ɗaya aikinsa ya zo, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka duba kalanda. Da damina ta kankama leburori da ƙananan magina da yawa gida suke komawa noma, sai bayan girbi 'yan ci-rani su dawo gari. Da azumi aiki na raguwa, da wuri ake tashi, makon Sallah kuwa ka ma manta kawai. In kana da hali ka sa zubin dekin da manyan ayyuka a lokacin da hannu ya yi yawa.

Sai wajen nema. Ni shawarata kar ka fara da Facebook ko status ɗin WhatsApp, hoton da mutum zai nuna maka wataƙila ma ba a Najeriya aka yi aikin ba. Ka tafi inda masu aikin ke sayen kaya. Je ka Ƙofar Ruwa wajen masu rodi da kayan famfo, ka samu dattijon mai shago ka gaishe shi da kyau, ka ce Baba don Allah wane ne a cikin masu ɗaukar kaya a nan ba a taɓa kawo maka ƙararsa ba? Mai shago ya san wanda ke sayen kaya mai kyau da wanda ke cewa a ba shi jabu a rubuta masa rasit ɗin orijinal. Kafinta kuma ka nufi 'Yan Katako a Na'ibawa, mai wayarin ka tambayi masu kayan wuta a Sabon Gari. Amma ka sani wani mai shagon yana da la'ada a ciki, don haka ka tambayi shago biyu uku, sunan da ya maimaitu shi za ka bi.

Hanya ta biyu da ta fi yi mini aiki ita ce yawo a sababbin unguwanni. Ka ga gini ya burge ka, layin bulo ya miƙe kamar an ja da rula, ka tsaya ka yi sallama. Mai gadi ma ya isa ya ba ka labarin komai, wa ya yi, ya gama lafiya ko an rabu baram-baram. Na uku, gwani shi ya san gwani. In ka dace da birkila nagari ka tambaye shi wane mai tayil yake jin daɗin bin bayansa, domin ba zai so a kawo wanda zai ɓata masa suna ba.

Akwai kuma yaran makarantun koyon sana'a da mutane ke rainawa, na kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda da Ungogo, da 'yan Kano Poly, da waɗanda suka fito daga cibiyar koyar da sana'o'i ta Aliko Dangote da ke titin Zariya, ko shirye-shiryen ITF, hukumar horar da ma'aikata ta gwamnatin tarayya. Waɗannan galibi sun iya karanta zane da awo, abin da tsohon hannu da yawa bai iya ba, sai dai ba su da sauri kuma ba su sha rana ba tukuna. In ka haɗa ɗaya da tsohon birkila abin yana bada ma'ana sosai. Takardar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta ma'aikatar ƙwadago ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun fasaha, in mutum yana da ita madalla, amma ni ban taɓa ɗaukar mutum don takarda kaɗai ba. Wajen wayarin ne kawai nake matsawa, in aikin babba ne a nemo mai lasisin NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki. Haka in bene za ka yi, wannan ba maganar birkila ba ce komai gwanintarsa, sai da injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da injiniyoyi, da amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kar wani ya ce maka ai mun saba yi da ido.

Yanzu ka samu suna biyu ko uku. Gani ya kori ji, ka ce ya kai ka aikin da ya yi, kuma ba na jiya ba, wanda ya shekara biyu ya sha damina. Sabon fenti yana rufe asirin kowa. Ka duba kusurwar taga ko ta tsage, ka duba ƙasan bangon banɗaki ta waje ko yana jiƙe, ka ɗauki makullin mota ka ƙwanƙwasa tayil, in ka ji yana ƙara kamar ganga to akwai rami a ƙasa, watarana zai fashe. Ka zuba ruwa a banɗakin ka ga ko zai bi magudana ko zai kwanta a tsakiya. Sannan ka ja mai gidan gefe, ba a gaban mai aikin ba, ka yi masa tambaya ɗaya: in za ka sake gini za ka kira shi? Yadda zai yi jim kafin ya amsa ma amsa ce.

Daga nan sai gwaji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kar ka damƙa wa baƙon hannu gida sukutum, ka ba shi katanga ɗaya ko ɗakin mai gadi, aikin kwana biyu, ka biya shi cikakken kuɗinsa, kai kuma ka zauna ka sa ido. Ya zo da kayan aikinsa ko aro yake yi? Yana ɗaura igiya yana sa filam, ma'aunin miƙewar bango, ko da ido yake tafiya? Ka ce ya fitar maka da sukwaya a ƙasa, wanda ya sani zai auna uku nan, huɗu nan, ya ga tsakani ya ba shi biyar. Ka tambaye shi kwaɓin kankare, ya kamata ka ji 1:2:4 a bakinsa, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, da kwana nawa za a yi ana ba shi ruwa, in ya ce ai kwana biyu ya isa ka san da wa kake magana, ƙasa da sati ba ya yi, balle da hunturu da iska ke busar da komai nan da nan. Mai wayarin ka tambaye shi wace waya zai sa wa fitila wace zai sa wa soket, mai kaurin 1.5 da mai 2.5 ke nan, ta AC ta fi haka kauri, kuma ka ji ko zai ambaci at, wayar da ake kai wa ƙasa don kariya daga shokin, da kansa ba sai ka tuna masa ba. Falamba kuwa sharaɗin shi ne a cika bututu da ruwa a bar shi ya kwana kafin a rufe da siminti. Na taɓa sakaci da wannan a wani gida, sai da muka ɓalle tayil ɗin banɗaki biyu saboda gam ɗin da ba a shafa ba a gwiwar bututu guda ɗaya tak, kuma mutumin da ya yi aikin wayarsa a kashe har yau.

Maganar kuɗi, a nan ake yawan ɓatawa. Ka zaga wuraren gini uku a yankinku ka ji nawa ake biya a wannan watan, don farashin bara ya zama tarihi. Sai ka zaɓa, kuɗin yini ko jinga. Kuɗin yini yana sa a ja aiki in ba ka wajen, jinga kuma tana sa a yi sauri a ha'ince ka a inda ido ba ya gani. Ni abin da nake yi, jeren bulo da filasta da tayil jinga, bulo a ƙirga, tayil a auna mita, amma ɗaurin rodi da zubin kankare na fi son na yini ina tsaye a kai. Wanda ya faɗi farashi ƙasa da na kowa sosai ka ji tsoronsa, araha ba ta ado, ko dai bai fahimci aikin ba ko kuma a kayanka zai fanshe.

Duk abin da kuka yi ku rubuta, ko a takardar littafin makaranta ce, da Hausa, kowa ya sa hannu da shaida ɗaya ɗaya, ka ɗauki hoto ka tura masa ta WhatsApp. Me zai yi, nawa ne, wa ke biyan leburori, wa ke kawo ruwa, kuɗin abinci da na mota a ciki suke ko daban, in aka yi kuskure wa zai sayi kayan gyara. Ka san gidansa ko shagon maigidansa, ba lambar waya kawai ba. Kafin alƙalami ka ba da kaɗan, wanda zai ishe shi ya taso da yaransa, sauran a raba bisa matakin aiki, in an kai linta kaza, in an rufa kaza, ka riƙe ɗan wani abu sai an gama an duba. In ka zube masa rabin kuɗi tun farko wallahi kai ka saya masa damar karɓar aikin wani, naka ya zama na ranar da ya samu sarari. Kayan aiki kuma ka saya da kanka ko ku je tare.

To ga inda masu gida ba sa son a taɓa, riƙe mutumin bayan ka same shi. Yawancin gwanayen da suka gudu daga aiki in ka zauna da su za ka ji ba ƙarin kuɗi ya ja su ba, wulaƙanci ne ya kore su. Mutum ya taso tun daga Kurna da yara huɗu ya biya musu mota, ya zo ya tarar babu siminti, mai tankar ruwa bai zo ba, Alhaji kuma ba ya ɗaga waya, yinin nan wa zai biya? Gobe in wani ya kira shi ai tafiya zai yi. Don haka kafin ka ce ya zo ka tabbata kayan kwana uku aƙalla suna ƙasa. Ranar biya kuma ta zama ranar biya, in kun ce Alhamis da yamma to ya ji alat Alhamis da yamma, ba sai ya biyo ka masallaci ba, hadisin nan na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi amma a wajen gini ake mantawa. Ka sa musu ruwan sha da inuwa, watan Afrilu a Kano ba wasa ba ne. In za ka yi gyara ka ja shi gefe ka ce Malam Oga nan fa kamar ya karkace, kar ka tsawata masa a gaban yaransa, dattijo ne a cikinsu ko da kai ka girme shi a aljihu. Kuma ka daina canza zane kullum, yau a matsar da ƙofa gobe Hajiya ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, in dole ne a canza to a yi sabon ciniki a kai.

In kai ɗan kwangila ne mai aiki a kai a kai, ka lura da leburan da ke tsayawa yana kallon hannun birkila maimakon danna waya. Ka saya masa cokali da filam da tef, ka roƙi ogan ya riƙa ba shi layi ɗaya biyu yana jerawa a bangon baya inda ba a gani, ka ɗan ƙara wa ogan wani abu saboda koyarwar don kar ya ga kamar kishiya kake yi masa. Wani zai koya ya gudu Abuja, wannan dole ne, amma wani zai zauna. Wanda yake riƙe mini filasta yanzu da kwanon kankare a ka na fara ganinsa a wani fili a Hotoro, shekaranjiya ma shi ya kira ni yana tambaya ko akwai aiki bayan Sallah don ya san abin da zai faɗa wa wasu mutum biyu da ke jiransa.