Darasi na 7: Awon tsirkiyar gita da mazaunin jaki

Mai gurmi yana ɗora yatsa inda kunnensa ya kai shi. Gita ba ta yarda da haka, domin an riga an kafa mata ƙananan ƙarafa a wuya, kuma inda ƙarfe yake nan murya za ta fito. Shi ya sa kafintan da zai haɗa ta sai ya iya karanta milimita.

Tsirkiya tana kwance a kan ƙashi biyu: ɗaya a sama kusa da makunnai, ɗaya a ƙasa bisa jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a jikin gita. Tsakaninsu shi ne tsawon tsirkiya. Amma kada ku auna daga ƙashi zuwa ƙashi. Ku ɗora ma'aunin ƙarfe a bakin ƙashin sama, ku tsaya a tsakiyar ƙarfe na 12 in an ƙirga daga sama, sannan ku ninka biyu. In kun ga 325, tsawon ya zama milimita 650, awon da aka saba yi wa gita mai tsirkiyar nailan. Gitocin kamfanin Martin na Amurka da yawa suna da 645. Ma'aunin tela na ƙyalle kuwa a bar wa tela, yana miƙewa.

To, me ya hana a kafa ƙashin jaki a kan 650 cif? Danna tsirkiya da yatsa yana ƙara mata ɗauri, kamar igiyar shanya da aka rataya wa jiƙaƙƙen zane. In ɗauri ya ƙaru, murya sai ta haura sama kaɗan. Maganinta a ja ƙashin baya, tsirkiya ta ƙara tsawo. Ta nailan tana son kimanin milimita 2. Ta ƙarfe ta fi taurin kai: siririya kimanin 2, mai kaurin nan ta ƙarshe wajen 5. Shi ya sa za ku ga ƙashin a karkace. Ba kuskuren mai aiki ba ne, kada wani ya ce zai miƙe shi.

Gwajin da kunne ake yi. Ku taɓa tsirkiya saman ƙarfe na 12 ba tare da dannawa ba, ku kaɗa, ku saurara. Sannan ku danna, ku sake kaɗawa. In murya ta biyu ta haura sama da ta farko, sai a ja ƙashin jaki baya. In ta yi ƙasa, sai a matso da shi gaba.

A nan Maradi iska ma tana sa hannu. Da damina katako yana kumbura, tsirkiya ta ɗaga, dannawa ta yi nisa. Da hunturu ya bushe, ta sauko. Don haka ku daidaita tsayin tsirkiya tukuna, ku sa sababbin tsirkiyoyi, kafin ku kai zarto ko magogi bakin ƙashi.

Aikin gida: an auna wata gita zuwa ƙarfe na 12, an sami milimita 314. Nawa ne tsawon tsirkiyarta?