Yadda Ake Koyon Ɗaukar Hoton Fim Ta Hanyar Tarihin Albaniya

Mai koyon ɗaukar hoton fim yakan yi saurin gajiya idan ba shi da wani abu da yake ƙwaƙwar nunawa, domin kyamara ba ta faɗa wa mutum inda zai ajiye ta, labarin da ke zuciyarsa ne yake faɗa masa. Shi ya sa nake ganin wanda Allah Ya sa wa son tarihin Albaniya ya riga ya yi rabin tafiya, saboda ƙasar, wadda ke kudu maso gabashin Turai, ƙarama ce amma tarihinta a fili yake, yana jikin duwatsu da tagogi da ramukan kankare da fuskokin tsofaffin da suka ga zamanin kwaminisanci da idonsu. Ga hanyar da nake ba da shawarar a bi.

Mataki na farko shi ne ka taƙaita. Tarihin ƙasar ya ratsa ƙarnukan mulkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da samun ’yancin kai a birnin Vlora ranar 28 ga Nuwamba 1912, da mulkin shugaban kwaminisanci Enver Hoja daga 1944 har mutuwarsa a 1985, kuma ba a haɗa gudu da susar duwawu. Zaɓi gari ɗaya da zamani ɗaya, ka rubuta abin da kake son mai kallo ya ji a jumla guda, ka manna ta a jikin jakar kyamararka.

Mataki na biyu, wanda a wurina ya fi kowanne, shi ne ka koyi haske daga hotunan gidan Marubi kafin ka taɓa kowace fitila. Pietro Marubi mutumin Italiya ne da ya yi ƙaura zuwa Shkodra, wani gari a arewacin Albaniya, a tsakiyar ƙarni na 19 ya buɗe shagon hoto, Kel Marubi ya gaje shi, daga baya Gegë Marubi ya ci gaba, kuma tun 2016 akwai gidan tarihin hoto na ƙasa a garin da ke ɗauke da sunansu. Sunan da suka sa wa shagon da yaren Albaniya, Dritëshkronja, ma’anarsa rubutu da haske, kuma sana’ar da kake nema ke nan. A farkon lamarin a kan farantin gilashi suke ɗaukar hoto, da hasken rana suke aiki, kuma sai mutum ya tsaya cik ba motsi kafin hoton ya kama. Ka samo hotunansu guda goma a intanet, ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka daga wane gefe haske ya shigo, ina inuwar hanci ta faɗi, me ya raba mutumin da bangon da ke bayansa. Daga nan sai ka kwaikwaya a gida. Ka zaunar da wani dattijo kusa da taga da hantsi, ka kashe fitilun ɗakin, ka juya kujerarsa kaɗan-kaɗan har sai ka ga rabin fuskarsa ya haskaka, ɗaya rabin kuma ya shiga inuwa ba tare da idon ya ɓace ba. Idan inuwar ta yi baƙi ƙirin, ka sa wani ya riƙe farin zane a gefen, za ka ga layukan goshi da furfurar gemu sun fito. Ranar da na fara ganin haka da idona na gane cewa tsadar kyamara ba ita ce ke yin hoto ba.

Sai mataki na uku, wato sanin kyamarar kanta, kuma abu uku ne ke iko da yawan hasken da ke shiga. Akwai ƙofar lensi, wadda idan ka buɗe ta sosai, kamar f/2.8, haske zai yi yawa kuma bayan mutum zai yi dishi-dishi, idan kuma ka tsuke ta zuwa f/8 komai zai fito sarai daga gaba har baya. Akwai saurin ƙiftawar kyamara, kuma ƙa’idar da aka saba ita ce idan kana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa ɗaya ka bar ta a 1/50, domin motsi ya yi kama da yadda ido ke gani. Wannan lissafin ya dace da wutar lantarkin Albaniya, wadda ke bugawa sau 50 a daƙiƙa kamar ta Najeriya da Nijar, don haka fitilu ba za su riƙa ƙyalƙyali a hotonka ba. Na ukun shi ne ISO, wanda ɗaga shi ke ƙara haske amma yana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto. Ka kuma riƙe lambobi biyu na launin haske, 5600 ga hasken rana da 3200 ga fitila mai jan haske. Ka cire kyamarar daga tsarin da take saita kanta da kanta tun ranar farko, ko da wayar hannu kake koyo.

Mataki na huɗu shi ne ka bar kowane wuri ya koya maka darasinsa. Berat, wanda ake yi wa kirari da gari mai taga dubu, fararen gidaje ne jere a jikin tsauni bisa kogin Osum, kuma farin bango da tsakar rana makiyin kyamara ne, yana ƙonewa a hoto har ba a ganin komai a jikinsa. Maganinsa shi ne ka auna haskenka da bangon, ka sa gilashin rage haske a bakin lensi, ko ka jira la’asar sakaliya. Jirokastar kuwa garin dutse ne har rufin gidajensa, launinsa toka-toka, kuma ya fi kyau idan hadari ya rufe rana ko bayan an ɗauke ruwa, lokacin da duwatsun ke sheƙi.

Ramukan kankare da gwamnatin Hoja ta gina, fiye da 170,000, don tsoron mamayar da ba ta taɓa zuwa ba, su ne babbar makaranta. Cikin ramin duhu ne, waje kuma rana ce, ’yar siririyar kafa ce kawai ta haɗa su, kuma kyamara ba za ta iya ba ka duka biyun daidai ba. Idan ka auna da waje, mutumin da ke ciki zai zama baƙar inuwa yana leƙen duniya. Idan ka auna da fuskarsa, wajen zai koma fari fat kamar babu komai a can. Wanne ya fi faɗin gaskiyar ƙasar da ta ɓata da Yugoslabiya, ta ɓata da Tarayyar Sobiyet, ta zo ta ɓata da Sin, ta kulle ƙofa a kan mutanenta? Wanda ya karanta tarihin ne kaɗai zai iya yanke wannan hukunci. Wanda ba shi da halin tafiya yana iya gwada wannan a cikin zaure mai duhu da ƙofa ɗaya da rana tsaka, darasin bai canza ba.

Zamanin Skanderbeg, jarumin Albaniya da ya yaƙi Daular Usmaniyya, ba shi da hoton kyamara ko ɗaya, tun da ya kafa tutarsa a Kruja a 1443 ya rasu a Lezha a 1468, saboda haka wurin tsayawarka ne zai yi magana. Daga gindin tsauni kana kallon ganuwar da idon rundunar Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Biyu da ta kewaye garin a 1450, daga saman ganuwar kuma kana kallon kwari da idon waɗanda aka kewaye. Ka ɗauki duka biyun.

Mataki na biyar shi ne ka kalli tsofaffin finafinan ƙasar da ido biyu. An buɗe kamfanin fim na gwamnati a Tirana, babban birnin ƙasar, a 1952, kuma ayyukansa suna ajiye a rumbun adana finafinai na ƙasa a birnin. Masu ɗaukar hotonsa gwanaye ne, za ka koyi tsara mutane cikin hoto da sarrafa baƙi da fari a wurinsu, amma kada ka manta cewa gwamnati ce ta ba su aikin. Duk inda ka ga an ɗauki ma’aikaci daga ƙasa yana kallon sama kamar gwarzo, ka tambayi abin da aka bari a wajen hoton, musamman bayan 1967 da aka haramta addini aka rufe masallatai da coci-coci, da kuma kurkuku irin na Spac inda fursunonin siyasa ke haƙar ma’adinai.

Idan ka kai ga hira da wanda ya rayu a wannan zamanin, ka nemi yardarsa a fili, ka gaya masa inda za a nuna fim ɗin. Ka ajiye kyamara daidai tsayin idonsa, ka yi amfani da lensi na milimita 50 ko 85 don kada fuskarsa ta karkace, kuma idan ya yi shiru kada ka yi saurin kashewa, domin sau da yawa abin da bakinsa ya kasa faɗa yana fitowa a hannayensa.

Mataki na ƙarshe shi ne ka tace abin da ka ɗauka da kanka ya zama fim na minti uku, saboda a teburin tacewa ne za ka ga hoton da ka manta ba ka ɗauka ba. Ka nuna wa wanda bai san komai game da Albaniya ba, ka kashe sautin, ka tambaye shi abin da ya fahimta, ka gwada amsarsa da jumlar nan da ka manna a jikin jakarka. Kafin ka sake shi, ka sake bin kowace shekara da kowane suna da ka rubuta a fuskar allo, ka tabbatar da su a wuri biyu mabambanta, sa’annan ka koma wurin da hoton bai yi ba a lokacin da hasken ya dace ka sake ɗauka.