Yadda matashi zai zaɓa tsakanin gina gida da shiga jami'a

Matashin da ya tara wasu kuɗi, ko ya gaje su, yakan rasa inda zai zuba su: ya aza harsashin gida, ko ya biya kuɗin karatun jami'a. Hanyar warware wannan ita ce ya ɗauki takarda da alƙalami ya yi wa kowannensu lissafi iri ɗaya, wato abin da zai ci da kuma abin da zai dawo da shi nan da shekara 10.

A fara da karatu. Bayan kuɗin makaranta da littattafai da masauki, a haɗa har da abin da matashin zai samu da a ce aiki yake yi a cikin shekara 3 ko 4 ɗin da digiri kan ɗauka, domin wannan ma asara ce, ko da yake ba a ganin fitarta daga aljihu. Rahotannin OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, sun daɗe suna nuna cewa masu digiri, idan aka ɗauke su a dunƙule, sun fi waɗanda suka tsaya a sakandare samun albashi. Sai dai fanni ya bambanta da fanni, saboda haka ya kamata ya nemi waɗanda suka kammala irin karatun da yake so, ya ji aikin da suke yi da tsawon lokacin da suka yi kafin su same shi.

A ɓangaren gida kuma, a lissafa fili da takardun mallaka da kayan gini da ladan magina, sannan a ƙara da gyaran da ba ya yankewa. Ribar da ake iya dogaro da ita ita ce kuɗin hayar da mutum zai daina biya ko wanda zai riƙa karɓa. Tashin farashi kuwa ba shi da tabbas, domin a rikicin tattalin arziki na 2008 darajar gidaje ta faɗi ƙwarai a Amurka, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu saboda bashi. Gida kuma yana ɗaure mai shi a wuri ɗaya a shekarun da aiki mai kyau zai iya kiransa wani gari.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: wanne ne kuɗin za su kai shi ƙarshe? Ginin da ya tsaya babu rufi ba ya kawo ko sisi, ruwa da rana ne suke cinsa, wanda kuwa ya bar jami'a a tsakiya ya biya kuɗin amma bai samu shaidar ba, wataƙila ma da bashi a wuyansa.

A ganina, wanda ba shi da hanyar samun kuɗi mai ɗorewa ya fara da ilimi ko koyon sana'a, tunda daga abin da ke shigowa duk wata ake gina gida. Idan akwai rara, ya sayi fili mai ingantattun takardu ya ajiye. Wanda tuni sana'arsa ta kafu, yana iya yin ginin daki-daki, ya gama ɗaki ɗaya ya tare, ya juya kuɗin hayar da ya huta biya zuwa karatun yamma ko na intanet.