Kurakuran da aka fi yi bayan yankewar jijiyar ji da motsi

Idan wuƙa ko fasasshiyar kwalba ta yanke jijiyar ji da motsi a wuyan hannu, likita ya ɗinke, mutane da yawa sukan ɗauka an gama. A cire zare bayan mako biyu, yatsu ba sa ji, sai dangi su ce ɗinkin bai yi ba. Alhali kwanson jijiyar kawai likita ya haɗa. Siraran zaruruwan da ke ciki, daga wurin yankan zuwa yatsa, rugujewa suke yi cikin 'yan kwanaki, dole sababbi su tsiro. Wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya ga haka a jikin kwaɗi tun 1850.

Me ya sa suke rugujewa? Uwar ƙwayar jijiya tana zaune a laka ko a gefenta, zarenta ne ke miƙewa har yatsa, na ƙafa ma yakan kai mita 1. Yawancin furotin a wurin uwar ake ƙera shi, sai a yi dakonsa. Ɗan dakon da ke kai kaya gaba shi ne wani furotin mai suna kinesin, wanda masani Ronald Vale da abokan aikinsa suka gano a 1985. Wani ɗan dakon kuma, mai suna dainin, shi ke dawowa da saƙo, har da labarin cewa an ji rauni, don uwar ta koma aikin gini. Cikin kayan akwai wani furotin, NMNAT2, da ba ya daɗewa. Da zarar ya daina isowa, sai wani furotin mai suna SARM1 ya farka ya rushe ɓangaren da aka yanke.

Kaya masu sauri sukan yi milimita 400 a rana, amma kayan ginin zaren kansa 'yan milimitoci suke yi, wasu ko 1 ba sa kaiwa. Tsirowar ma haka take, kusan milimita 1 a rana. To a yi lissafi tun farko: in tsakanin rauni da tsoka akwai santimita 30, ana maganar wata 10 ne. Wanda ya san haka ba zai yi ta yawon neman magani a wata na biyu ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kishiyar wannan, wato haƙurin da ya wuce kima. Yaro ya sha allura a ɗuwawu, ƙafa ta fara ja, a ce a bari zai warware. Ko mutum ya yanke, a ɗinke fata a bar jijiya. Tsokar da ta rasa jijiya tana ramewa, kuma bayan wata 12 zuwa 18 da wuya ta karɓi sabon zare ko ya iso. Ƙwayoyin da ke lulluɓe zaren jijiya, da ake kira Schwann, waɗanda ke share masa hanya, su ma suna gajiya da jira. Yankan da ya zo da rashin ji ko rashin motsi, a kai shi ga likitan fiɗa a kwanakin farko. Daga baya likita zai riƙa ƙwanƙwasa kan hanyar jijiyar. Inda majinyaci ya ji zir kamar lantarki, nan tsiron ya kai. In wata ya bi wata wurin bai matsa ba, a sake duba.

Sai barin hannu a rataye ba motsi. Gaɓoɓi su sandare, jijiya ta iso ta tarar da yatsu sun ƙage. Gyaran shi ne motsa su kullum yadda likitan gashi ya nuna, da sanya abin tallafi. Amma don Allah kada a gasa da ruwan zafi. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa a jikin tukunya ko salansar babur mai ita bai sani ba, don haka a riƙa dubanta safe da yamma.

Bitamin B yana taimakon wanda ya rasa shi, amma ba ya ƙara wa tsiro sauri, kuma yawan B6 shi kansa yana lalata jijiya. Ya fi amfani mai ciwon suga ya daidaita sugansa, a kuma bar giya da taba.

Duk wannan lissafi na jijiyoyin hannu da ƙafa ne. A laka da ƙwaƙwalwa zaren da ya yanke ba ya tsirowa haka, jinyarsu daban take.