Furen Beronika a Legas: yadda na yi ta rayu, da wadda za ki dasa in ta ƙi

Duk wadda ta ga hoton furen nan a waya sai ya shiga ranta, wani dogon zangarniya ne shuɗi ko ruwan hoda ko fari, a tsaye cak kamar kan gero, ƙananan furanni na buɗewa daga ƙasa suna hawa sama. Sunanta Beronika, Turawa kuma na ce mata speedwell. Amma tun kafin ki kashe kuɗinki bari in gaya miki gaskiya, 'yar ƙasar sanyi ce, asalinta Turai da sassan Asiya, can ne take mutuwa da hunturu ta sake tohowa daga saiwa shekara da shekaru. Mu nan Agege ina muka ga wannan sanyin? Ko Jos da ake ta kuranta sanyinta ai ƙanƙara ba ta kwanta ba. To ki saka a ranki baƙuwa kika sauka, ba lallai ta shekara biyu ba.

Ta farko da na dasa a ƙasa na saka ta, gefen katanga, ruwan watan Yuni ya zo ya kwana biyu yana zuba, tsakar gidan ya koma tafki, da na je dubawa ganyen ya yi laushi ya zube, na ɗan ja ta kawai sai ga ta a hannuna, saiwar baƙi ƙirin tana wari. Ashe ba zafi ne ya fi kashe ta ba, ruwan da ke kwanciya a gindinta ne.

Don haka tukunya za ki nema, ko tsohon bokitin fenti ma ya yi, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda ƙasansa wuri shida ko takwas, kar ki yi rowar huji. Ƙasar kuma ki haɗa da kanki, baƙar ƙasa kashi biyu, yashi mai tsakuwa irin na magina kashi ɗaya, takin shanu kashi ɗaya, ni har dakakken gawayi nake watsawa. Takin nan don Allah wanda ya ruɓe ya huce, in kin samo ɗanye daga wajen mahauta a Oko-Oba ki bar shi ya sha makonni tukun, ɗanye ƙona saiwa yake. Ki matse ƙasar a hannu, in kin buɗe ta warwatse to ta yi, in ta dunƙule kamar curin tuwo ƙara yashi. Sai ki ɗora bokitin kan bulo biyu ruwa ya samu hanyar fita.

Tana son rana kamar awa 6, amma ki ba ta ta safe, ta azahar ɗin Legas ta fi ƙarfinta. Lokacin dasawa kuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke hunturu na ƙaratowa, dare na ɗan yin sanyi. In guda biyu ne ki bar tazarar santimita 30 zuwa 45 iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba za ki ga wani farin gari kamar an barbaɗa hoda a ganyen, fumfuna ce, kuma danshinmu abin da take so ke nan. Ban ruwa a gindi da safe, ban da kan ganye, kuma sai kin cusa yatsa kin ji ya bushe. Yaran gida ne matsala a nan, kowa ya wuce da buta sai ya zuba mata wai taimako.

Zangarniya ta fara bushewa ki sa almakashi ki datse ta daidai saman ganye, wasu ƙanana za su fito ta gefe. Damina ta kankama ki janye bokitin ƙarƙashin baranda.

In kuma kin gaji da lallashi, tambayi masu sayar da furanni na bakin titi, irin na wajen Ikeja, ko suna da Anjeloniya. Dangi ɗaya suke da Beronika, ita ma zangarniya take yi shuɗi-shuɗi ko fari, sai dai asalinta Meziko da tsibiran Karibiyan, zafi da danshi ba sa damunta ko kaɗan. Ba sai kin sayi da yawa ba, ki yanki reshe kamar tsawon yatsa wanda bai yi fure ba, ki cire ganyen ƙasa ki soka a yashi mai ɗan danshi a inuwa, in ya fara sabon ganye ya kama ke nan. Nawa daga tukunya ɗaya na fara, yanzu har maman Bose maƙwabciyata ta zo ta yanki nata, ta tafi da bokitina ɗaya ma ba ta dawo da shi ba.