Kurakuran da ke hana ɗaki yin kyau, da yadda ake gyara su da kuɗi kaɗan

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin kaya su shigo gida: sayen kujeru ba tare da an auna ɗakin ba. Kujerar da ta yi daidai a babban wurin sayar da kaya, idan ta shigo ƙaramin falo sai ta cinye shi, mutum yana raɓe-raɓe kafin ya wuce. A ɗauki tef ɗin awo a rubuta tsawo da faɗin ɗakin, har da faɗin ƙofa. A bar hanyar wucewa ta santimita 75 zuwa 90, tsakanin kujera da teburin tsakiya kuma kamar santimita 40 zuwa 45. Idan lissafi bai ba da haka ba, a rage kujera ɗaya.

Labule shi ne ya fi tona asirin ɗaki, kuma gyaransa ne ya fi araha. Mutane da yawa suna kafa sandar labule daidai bakin taga, su yanka yadin ya tsaya a tsakiyar bango kamar wandon da ya ɗangale. Wannan yana sa rufin ɗaki ya zama kamar ya sauko, tagar kuma ta ƙanƙance. A ɗaga sandar aƙalla santimita 10 zuwa 15 sama da tagar, idan da hali ma a kai ta kusa da silin, sannan ta zarce tagar da santimita 15 zuwa 25 ta kowane gefe, yadda idan an yaye labulen zai tsaya a kan bango, haske ya shigo sosai. Tsawonsa ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, a bar kamar santimita 1. Faɗin yadin kuma ya ninka tsawon sandar sau 2, domin idan aka yi masa ƙwauro zai miƙe sharɓan ba tare da tattara ba. Yadi mai sauƙin kuɗi marar zane da aka ɗinka da wadata ya fi mai tsada da aka tsuke kyau nesa ba kusa ba.

Haka ƙaramin kafet a tsakiyar falo, wanda babu kujerar da ta taɓa shi, yana raba kayan ɗaki da juna. Ya kamata ƙafafun gaba na kujerun su hau kansa, a bar ƙasa a buɗe kamar santimita 30 zuwa 45 daga bango. Idan kuɗin babba bai samu ba, gara a haƙura da shi tukuna.

A wajen fenti, gaggawa ce ke ɓata aiki. Ana zaɓar launi daga ɗan katin da aka gani a hannu, alhali a bango yakan fi haka ƙarfi. A shafa kaɗan a gefe biyu na ɗakin, a duba shi da safe, da rana, da kuma dare a ƙarƙashin fitila. Kafin a fara, a toshe tsaga da ramukan ƙusa, a goge su yi sumul, a tabbatar bangon ya bushe, don fenti a kan danshi kumbura yake yi ya ɓare. Fenti mai sheƙi yana fito da duk wani tudu da kwarin bango, saboda haka marar sheƙi ya fi dacewa da bangon da bai yi sumul ba. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, kuma shafi biyu ake buƙata. Tsarma shi da ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokitin ba tattali ba ne, dabbare-dabbare zai bari. Launuka kuma kada su wuce uku: mai haske ya ɗauki kusan kashi 60 cikin 100, wato bango, na biyu kashi 30 a kujeru da labule, mai ƙarfi kashi 10 a matasai da ƙananan kayan ado.

Akwai abin da aka fi mantawa da shi, ƙwan fitila. Ƙwai ɗaya fari fat a tsakiyar silin yana kashe launin komai, yana jefa inuwa a fuskar mutane. A duba lambar da ke nuna launin haske, mai harafin K, a jikin kwalin ƙwan: 6500K fari ne mai ratsin shuɗi, 2700K zuwa 3000K kuwa mai taushi ne, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. A ƙara fitila ɗaya ko biyu a kan teburi ko a kusurwa, kuma duk ƙwayayen ɗaki ɗaya su zama lamba ɗaya.

Hoto da madubi ana yawan rataye su can sama. Tsakiyarsu ya kamata ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Idan a saman doguwar kujera ne, a bar santimita 15 zuwa 25 tsakani, faɗinsa ya kai kashi biyu cikin uku na kujerar.

Sai tarkace. Furannin roba masu ƙura, ƙananan kayan ado birjik a kan kowane teburi, wayoyin talabijin suna reto a bango. A kwashe komai, a mayar da guda uku kacal masu bambancin tsayi a wuri ɗaya, wayoyin kuma a ɗaure su a bi da su ta bayan kaya, ko a rufe su da siririn bututun roba a shafa masa fentin bangon.